Ranar da Kara Ta Ci Zaɓe a Gummi

Na manta ranaku da yawa na aiki, wasu ma da gangan, amma akwai wata Laraba ta ƙarshen damina da ta ƙi barin kaina: ranar da ɗaki guda na mutane masu hankali suka haɗu, ba a tilasta wa kowa ba, suka zaɓi dabarar da babu ko ɗayansu da ya yarda da ita. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu kun sha jin gutsuren labarin a bakin mai shayi. Ga shi cikakke daga bakin wanda ya buɗe kwanukan.

Bayan na ajiye alli a sakandare, inda na shekara da shekaru ina koyar da Hausa da tarihi, ƙungiyar ci gaban gari ta ɗauke ni jami'in horo a wannan cibiya ta koyon kwamfuta. Jami'in horo shi ne mai tsara darasi, mai kula da malamai, mai rubuta rahoto, kuma in ba kowa, mai korar awaki daga bakin ƙofa. Sama da ni akwai kwamitin dattawa, su ke da ɗakin da kujerun. Sola da intanet kuwa wata ƙungiya ce mai zaman kanta ta sa mana, na ɗan wa'adi. Da wa'adin ya zo ƙarshe sai suka aiko cewa ba za su iya riƙe duk cibiyoyinsu ba. Kowace cibiya ta kawo dabara ɗaya ta sabuwar manhajar waya ko shafin intanet da zai iya zama sana'a. Wadda dabararta ta tsallake tantancewa, a ci gaba da ita. Wadda ba ta tsallake ba, a kwance sola. Kuma kowa a gari ya san wani ɗan kasuwa ya riga ya zo ya auna faɗin ƙofarmu da igiya, ya ga ko buhun taki zai shiga a kwance.

Ƙungiyar ta turo mana jagora, Malama Rukayya, Bakanuwa, mai saurin magana da saurin tafiya. Aikinta ta jagoranci wani irin zama da Turawa suka raɗa wa suna mai nufin guguwa cikin ƙwaƙwalwa. Ni na fassara wa jama'a shi da zaman zubo dabaru, don kada wani ya ji guguwa ya koma gida ya daure rufinsa. Mun gayyato ɗalibanmu na Gummi, da waɗanda ke zuwa daga Anka da Bukkuyum, da mata masu turara shinkafa, da 'yan kwamiti. Shugaban kwamiti ba ya gari, saboda haka babba a ɗakin shi ne mataimakinsa, Alhaji Nomau, manomin shinkafa mai faffaɗar fadama. Shi ne kuma mahaifin matata. Ku riƙe wannan.

Malama Rukayya ta tsaya gaban farin allo ta yi bayani. Kowa ya faɗi duk abin da ya zo masa, komai haukarsa, ita za ta rubuta. Ƙa'ida ɗaya ce ba ta son a taɓa: babu suka. Kada kowa ya kushe dabarar wani, ko da ido. Ta ce a wuraren da aka ƙirƙiro tsarin, suka kan kashe dabara tun tana jaririya. Daga nan ta buɗe alƙalaminta ta ce, "To, bismillah. Wa zai fara?"

Shiru. Ta sake tambaya. Aka ci gaba da kallon silin. Na matsa na raɗa mata cewa a nan ba a riga babba buɗe baki. Ta juya ta ce, "Baba, ko za ka buɗe mana?"

Alhaji Nomau ya gyara babbar riga, ya yi gyaran murya. "Ni damuwata jan-baki na, ɗiyata. Kowace shekara sai tsuntsayen ga sun raba gadon shinkafa da ni, su ɗauki rabon ɗa namiji su bar min na ɗiya mace. To a yi muna wani abu a sa cikin waya, a ɗaure ta bisa sanda tsakiyar gona, ta dinga kuwwa da muryata. Tsuntsun ƙasar ga duk ya san muryata."

Aka ce madalla. Aka ce Allah ya ƙara basira. Sai na ga hannu ya tashi daga layin mata. Hajiya Ige ce, shugabar masu turara shinkafa, mace mai jiki da baki daidai jikin.

"Kai Nomau..."

"Hajiya, don Allah, ƙa'ida," in ji Malama Rukayya. "Babu suka."

"Ɗiyata, ai ban ce komi ba tukuna."

"Na ga fuskarki ce, Hajiya."

Hajiya Ige ta sauke hannu, ta ja mayafi ta toshe bakinta da shi, kafaɗunta na rawa.

Da babba ya buɗe hanya, kuma aka ga dabarar da ta buɗe ta, sai kowa ya ga ashe tasa ma tana da mutunci. Na koyar da yara shekaru masu yawa, ban taɓa ganin aji ya kama da wuta haka ba. Wani ɗan Anka ya ce a yi manhajar da za ta amsa gaisuwa a madadin mutum, daga ina kwana har ya iyali har ya ƙoƙari, shi kuma ya ci gaba da aikinsa. Wata ta ce a yi wadda za ta saurari muryar tela kafin Salla ta faɗi ko da gaske ya yanka yadin. Wani ɗan Bukkuyum ya ce nasa shafi ne da zai gane kukan jakin da ya ɓace, don kowane jaki da irin muryarsa, kuma ya tashi ya gwada mana iri biyu don mu ji bambanci. Wani ango ya nemi wadda za ta sanar da mutum in surukinsa na zaune a ƙofar gida, ya sake hanya. Ni dai na duƙar da kai ina gyara igiyar kwamfuta da ba ta lalace ba.

Cikin wannan ruwa akwai masu ɗan nauyi. Jabbi, wani Bafillace ɗalibinmu, ya kawo ta cigiyar shanu da hoto. Modu, Babarbaren da ke aikin wankin zinari a Abare yana zuwa mana ƙarshen mako, ya ce a yi wadda za ta nuna inda zinari yake a ƙarƙashin ƙasa. Hajiya Ige ta ce tana son shafin da za ta sayar da shinkafarta har Ikko da hoto. Can daga baya wata ɗaliba, Shafa'atu, 'yar wani manomin rani, ta faɗi tata a hankali: masu injin ban-ruwa injinsu kan kwana biyu uku a ɗaki ba aiki, maƙwabtansu kuwa albasa na ƙonewa, a yi manhajar da za ta haɗa su. Malama Rukayya ta rubuta a kusurwar allo, don nan kaɗai wuri ya rage. Kowace dabara aka yi mata tafi iri ɗaya, ta jaki da ta inji.

Bayan azahar aka zo zaɓe. Tsarin Malama shi ne kowa ya taso gaban jama'a ya manna 'yar takarda a jikin dabarar da ta fi burge shi. Na ce mata wannan ba za ta yiwu ba, domin babu wanda zai tsallake dabarar Alhaji yana kallo. Na kawo shawarar da har yau nake ganin mai kyau ce a takarda: a tace dabaru zuwa kaɗan, kowace a ba ta kwano mai murfi a bayan labule, a raba dabino, kowa ya ci ya shiga shi kaɗai ya jefa ƙwallon a kwanon da ransa ya so. Ba mai ganin wani. Ta Alhaji ta shiga cikin kaɗan ɗin, don babu hannun da zai iya goge ta daga allo.

Aka yi layi ana dariya, ana shiga ana fitowa da fuskar alƙalai. Ni ban jefa ba, ni ne mai buɗewa. Na fito da kwanuka na jera a tebur. Na buɗe na Jabbi, wayam. Na Modu, wayam. Na Hajiya Ige, wayam. Na Shafa'atu, ƙwallo ɗaya tak yana gararamba. Na ɗaga na Alhaji na ji nauyi, na buɗe, ga shi maƙil.

Kowa ya gane abin da ya faru, kuma kowa ya gane ba shi kaɗai ya yi ba. Duk wanda ya shiga bayan labulen ya yi tunani ɗaya: dabarar Baba ba mai zaɓenta, za a buɗe kwanon dattijo a gaban yara a iske ba komai, bari ni dai in yi masa kara. Ƙwallo ɗayan da ya kauce kuwa na Alhajin ne da kansa, don shi ma ba zai zaɓi kansa ba, ai da kunya.

Daga nan tafi ya ɓarke, don ba abin da ya rage a yi. Alhaji Nomau ya miƙe yana ɗaga hannu kamar wanda aka naɗa. Ya ciro waya ya kira gida a gabanmu. "Ku ɗora girki, mun ci. A'a, ba siyasa ba, ilimi." Ya fara gwada kuwwar da za a naɗa, ya yi ta farko, ya ce ba ta fito ba, ya sake.

Malama Rukayya ta ce, "Akwai mai ƙarin bayani a kan wannan sakamako?" Aka ce madalla. Ta yafuto ni waje, ƙarƙashin dalbejiya.

"Malam, in na kai wannan gaban masu tantancewa, wallahi sola ta tafi. Ba za su ma bar ni in gama karantawa ba. Me ya faru a ɗakin nan?"

Na yi mata bayanin kara, wadda ita ma ta sani, sai dai ba ta taɓa ganin an yi ta ɗaki guda a lokaci guda ba.

"To ka je ka gaya masa."

"Ni? Malama, 'yarsa ce a gidana. Ko sunansa ban taɓa faɗa ba sai in rahoto ya tilasta."

"To wani dattijon."

"Duk sun jefa masa."

"Yanzu a duk Gummi babu mai iya ce wa mutumin nan dabararsa ba ta yi ba?"

Na ce akwai. Tana ciki, tun safe take cin mayafinta. Hajiya Ige taubashiyarsa ce, uwarta da ubansa ciki ɗaya. Ɗan mace da ɗan namiji kuwa, kin sani, babu abin da ba su faɗa wa juna, kuma ba a fushi, ko a gaban sarki. Ita kaɗai al'ada ta ba lasisi, ke kuma kika ƙwace da safe.

Malama ta dube ni, ta dubi ƙofa, ta fashe da dariya har ta dafa itace. Muka koma. Ta tsaya gaban allo ta ce akwai mataki na ƙarshe kafin a rufe: an ɗage ƙa'idar safe, duk mai abokin wasa a ɗakin nan yana iya gwada ƙarfin dabararsa.

Ba ta rufe baki ba Hajiya Ige ta miƙe, ta ɗaure mayafin a ƙugu.

"Alhamdu lillahi. Bawana, juyo nan. Ka ce tsuntsu na tsoron muryarka? Muryar da ko kajin gidanka ba su ɗaga kai in ka yi tsawa?"

"Ji baiwa na magana gaban ubangijinta," in ji Alhaji, yana murmushi.

"Gonarka in mutum ya tsaya wanga gefe ba ya jin kira daga wancan. Waya nawa za ka ɗaure? Kowace sanda da tata? In caji ya ƙare wa za shi kai ta gari? In akwai mai zuwa ya ɗauko ta, ba gara shi tsaya shi yi kuwwar da bakinsa ba? Sannan ka aje waya sabuwa bisa sanda cikin fadama ba kowa. Kafin la'asar, Nomau, tsuntsu na nan, waya ta tashi."

Wani ɗalibi ya zame daga benci. Alhaji ya ce, "To ke da kin san haka, wa kika jefa ma?"

"Kai."

"Don mi?"

"Tausai. Na ce kada a buɗe kwanon ɗan kawuna a iske shi wayam, a ce zuriyarmu ba mai kai."

Alhaji ya juya ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya kalla sai ya sami abin dubawa a tafin hannunsa. Na ɗauka yau aurena ya zo ƙarshe. Sai kawai dattijon ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi, yana nuna mu da yatsa yana cewa, "Munafukan Allah, duk sadaka kunka ba ni." Da ya sami numfashi ya juya kan taubashiyarsa. "To zo nan ke mai Ikko. Shinkafa da hoto? Ai tsakuwa ba ta fita a hoto. Mai saye na farko haƙorinsa za shi aiko miki a mota."

Daga nan ban ƙara iya riƙe ɗakin ba, ban ma gwada ba. Kowa ya shiga neman nasa. Modu Babarbare ya hango Jabbi Bafillace, wasansu kuwa ya girmi kowa a wurin. "Kai da ba ka faɗa wa ƙaninka yawan shanunka, kai za ka sa hotonsu a intanet?" Jabbi ya ce, "In wayarka ta san inda zinari yake, mi za ta yi da kai?" Ɗan mahauta ya kama ɗan masunta. Mai kukan jaki aka ce ya sake yi, ya sake, aka ce to manhajar ta gane shi, a mai da shi ga mai shi. Malama Rukayya na bin allo da tsumma tana goge waɗanda suka mutu, tana share hawaye da ɗaya hannun. Dabarar da ta sha tafi da safe sai ka ga tambaya ɗaya ta kayar da ita, mai ita kuma yana cikin masu dariya.

Aka zo kan kusurwar allo. Shafa'atu ba ta da taubashi a ɗakin, na ɗauka tata za ta wuce ba a taɓa ba, wanda a ranar ya zama abin kunya. Sai Alhaji ya ce shi da kakanta tare aka yi musu kaciya, saboda haka jikarsa ce, jika kuwa abokiyar wasa ce.

"Taso, amarya. Wa za shi ba baƙo injinsa? Ni ko fartanya ban ba da aro."

Ta taso tana rufe fuska, amma muryarta ta fito. "Ba aro ba ne, Kaka. Mai inji zai zo da abinsa, shi zai tayar, shi zai kashe."

"Manomi bai karatu."

"Da murya za a yi. Ko kai ka iya, yanzu muka ji ka kira gida."

Aka yi ihu. Alhaji ya jinjina kai. "To ga wadda za ta kashe auren. Rana ɗaya kowa ke son ruwa. Wa za a fara ba?"

"Wanda shukarsa ta fi matsuwa."

"Kowa za shi ce tasa ta mutu tun jiya."

Wannan karon ba wanda ya ce madalla don ya cece ta, kuma wannan ne alheri mafi girma da aka yi mata ranar. Ta dubi allo, ta dubi ƙasa, sannan ta ce to kada a bi mutum ɗaya ɗaya. Manhajar ta haɗa maƙwabtan gona masu shan rijiya ɗaya ko bakin gulbi ɗaya, inji ya sauka wuri guda ya shayar da su a jere ba a ɗauke shi ba, su kuma su shirya layinsu tsakaninsu, tun da sun san gonar juna ba mai yi wa wani ƙarya.

Alhaji ya taso. Ya ɗauki kwanonsa ya juye a nata. "Sadaki na," in ji shi.

Malama ta ce sadaki ya karɓu amma zaɓe sai an sake. Aka ƙaro dabino. Wannan karon ƙwallaye suka rarrabu kamar na mutanen da suka san abin da suke yi, mafi yawa a kwanon Shafa'atu. Ita aka tura.

Bayan an gama yankan shinkafa Malama Rukayya ta kira ni. Ta ce masu tantancewa sun yi wa yarinyar tambayoyi masu zafi, ita kuwa tana amsawa kamar mai karanta abin da ta haddace, har ɗaya ya tambaye ta wane kamfani ya horar da ita. Yarinyar ta ce kakanta. Dabarar ta tsallake, cibiya ta tsaya, shi ya sa kuke da wurin zama yau. Manhajar kanta ba ta zama abin duniya ba. Tana aiki a 'yan fadamu kaɗan, ran da sabis ya ɗauke kuma a koma aike da baki. Amma tana aiki.

Abin da na koya shi ne, tsarin da aka kawo mana an ɗinka shi ne don mutanen da suka yi yawa wajen kushe juna, sai aka ba su maganin yin shiru. Mu kuwa shirun shi ne ciwonmu. A wannan sana'a dabara ba ta mutuwa a hannun mai suka, a hannun masu madalla take mutuwa, bayan an kashe mata lokaci da wahala. Kakanninmu sun san kara na iya kai gari rami, shi ya sa kowane mutum suka ajiye masa wanda zai faɗa masa gaskiya ana dariya. Saboda haka in kun ga kafin kowane zama ina tambayar wa ke wasa da wa, ina zaunar da su fuska da fuska, ba tsufa ba ne. Kuma in ɗayanku ya kawo dabara ya ga ɗaki duka ya tafa ba wanda ya ce uffan, kada ya kira gida tukuna. Ya fita ya nemo taubashinsa.